Yadda Ake Gyara Matsalolin Ƙafar Tsohuwar Tarakta, Daga Boris Zuwa Taya

Tsohuwar tarakta irin Massey Ferguson 135, wadda aka daina ƙerawa tun shekarun 1970, ko 165, ko 375 da ta cika gonakinmu daga baya, injinta kan daɗe yana aiki ko da ya tsufa. Abin da ya fi tsayar da ita a tsakiyar damina shi ne ƙafa: noti ya kwance, boris ya ci, taya ta zame a kan wili ta tsinke bawul. Kusan duk waɗannan suna farawa ne da ɗan wasa kaɗan da hannu zai iya ji tun kafin ido ya gani. Don haka kafin a sayi ko washa ɗaya, a fara ɗaga ƙafar a girgiza ta, a gano daga ina wasan yake fitowa. Awon da za a kawo a nan na MF 135 ne. Sauran ƙananan taraktoci, har da Fiat da Steyr da aka taɓa haɗawa a Kano da Bauchi, hanyar aikin ɗaya ce, lambobin ne kan ɗan bambanta.

Ɗaga tarakta ba tare da ta faɗo ba

A nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Ƙasar gona da aka yi wa haro ba wurin kafa jak ba ce. In dole ta sa, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa. A kashe inji, a zare makulli, a sa giya ta ɗaya, a sauke garma ko haro ƙasa, a danne ƙafafun da ba za a ɗaga ba da dutse ko gungume gaba da baya. Jak mai ɗaukar tan 5 ya isa. Da zarar ƙafa ta bar ƙasa, a jera guntayen katako masu ƙarfi a ƙarƙashin aksil, a sauke nauyin a kansu. Kada a yi amfani da bulon siminti, domin yana fashewa lokaci guda ba tare da ya nuna alama ba.

Akwai abin da mutane da yawa ke mantawa. Aksil ɗin gaba yana lilo ne a kan fin guda ɗaya a tsakiya. Idan aka cire ƙafar baya, nauyi ya koma gefe ɗaya, tarakta na iya kifewa ta kan wannan fin ɗin. Saboda haka kafin a taɓa ƙafar baya, a buga katako mai tsini tsakanin aksil ɗin gaba da jikin tarakta, dama da hagu, yadda ba za ta iya karkata ba.

A sassauta notuna tun ƙafa na ƙasa, kwata ɗin juyi kawai, sannan a ɗaga.

Gwajin girgiza

Ka ɗaga ƙafar gaba, ka sa hannu ɗaya a saman taya ɗaya a ƙasa, ka tura ka ja. Wani ya tsuguna ta ciki yana kallo. Idan wili yana motsi amma hob ɗin da aka ɗaure shi a kai yana tsaye, notuna ne ko ramukan wili. Idan wili da hob suna motsi tare amma sandar da hob ke juyawa a kanta ba ta motsi, boris ne. Idan kuwa duka har sandar suna lilo a cikin hannun aksil, bushin ɗin kinfin ne ya cinye, wato zoben ƙarfen da sandar ke juyawa a cikinsa idan an karya sitiyari. Sai ka sauya hannu, ɗaya a gaban taya ɗaya a baya, ka karkaɗa kamar mai juya sitiyari. Wasan da ya fito a nan na kan tayarod ne, wato sandar da ke kai juyin sitiyari zuwa ƙafa, ko na akwatin sitiyari.

Daga nan ka juya ƙafar a hankali, kunnenka kusa da hob. Boris mai lafiya shiru yake yi. Wanda ya lalace yana gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, wani lokaci ka ji yana kamawa yana saki. Wata alamar kuma ana samunta ne bayan aiki: ka taɓa murfin hob da bayan hannu. Ɗumi ba laifi ba ne, amma zafin da ba za ka iya barin hannu a kai ba yana nufin ko giris ya ƙare ko an ɗaure boris fiye da kima.

Notuna da kusoshin wili

MF 135 tana da kusa 6 a kowace ƙafar gaba, 8 a ta baya. Notin da ya kwance yana barin shaida: jan tsatsa da ya zubo daga gindinsa kamar hawaye, ko ƙarfen da ke kewaye da shi ya yi ƙyalli saboda gugar da yake sha. Idan aka ci gaba da aiki a haka, ramin wili yakan tashi daga zagayayye ya koma kamar ƙwai, kusar ta yi wuya a tsakiya, ta karye. Kuma idan ɗaya ta karye, na kusa da ita sun riga sun sha wahala, don haka gara a canza har da maƙwabtanta biyu.

Cire karyayyar kusa: a buga ta da guduma ta fita ta bayan hob, a goge ramin, a shigar da sabuwa ta baya yadda haƙoranta za su hau gurbin tsohuwar, a jera washa a gaba a ɗaura noti har kanta ya zauna daram. Kada a yi mata walda a jikin hob. Zafin walda yana sa ƙarfen kusar ya yi gautsi, kuma ranar da za a sake canza ta sai an ɓata hob ɗin.

Wilin da ramukansa suka buɗe, ko aka ga tsaga ta tashi daga rami ɗaya ta nufi na kusa, ya gama aiki. Ɗora manyan washa a kai jinkirta haɗari ne kawai. A Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna akan nemi na hannu. A tafi da tsohon a gwada rami da rami.

Wajen ɗaurewa, gefen notin mai tsini shi ke shiga ramin wili, domin shi ke tsayar da wilin a tsakiya. A goge zaren kusa da buroshin waya, a bar shi a bushe. A kama duka da hannu tukuna, sannan a ɗaure ana tsallakawa, wannan sai na daura da shi, zagaye biyu ko uku. Ƙarfin da ake so, a ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira Nm, kusan 80 ne a gaba, kusan 270 a baya. Wanda ba shi da sifana mai awo zai iya ƙiyastawa: mutum mai nauyin kilo 60 ya ɗora nauyinsa a hankali a kan sifana, nisan santimita 45 daga noti, ya ba da kusan 270 ɗin. Na gaba kuwa kamar nauyin kilo 20 ne a nisan santimita 40, wato hannu ɗaya ya isa. Zura dogon bututu a yi ta tsalle a kai shi ke miƙar da kusa har ta yanke daga baya a gona. Bayan awa ɗaya ta aiki a sake bi, sannan a sake bayan wuni guda, musamman in wilin sabon fenti ne, domin fentin yana murƙushewa noti ya saki.

Canza boris na gaba

Kayan da za a tanada: boris biyu, babba na ciki da ƙarami na waje, kowanne da kofinsa (zoben da yake juyawa a ciki), sil sabo (robar da ke hana giris fita da datti shiga), kota fin sabo (fin ɗin da ke kulle noti), giris mai lamba 2 na kowane aiki kamar rabin kilo, kananzir, filaya, guduma da ɗan sandar ƙarfe mai laushi, tsumma mai tsabta. Lambar boris tana rubuce a gefensa, da ita ake saye. A kula da jabu, sun yi yawa a kasuwa: wanda rubutunsa ke gogewa da yatsa ko yake ƙara tun yana sabo a bar shi.

A cire wili. A cire murfin hob, wanda a wasu samfura kwancewa ake yi, a wasu kuma ɓamɓarewa. A miƙe kota fin a zare, a kwance notin mai haƙora, a ɗauke washa. A jawo hob kaɗan a mayar, ƙaramin boris zai leƙo, a tare shi da hannu kada ya faɗi cikin yashi. Sai a zare hob gaba ɗaya, a kifa shi, a ɓamɓare sil, babban boris ya fito.

A wanke komai da kananzir, a bari ya bushe. Yanzu a kai su haske a duba. Ƙananan ramuka a jikin kofi, ɓawon ƙarfe da ya tashi, launin shuɗi na ƙuna, ko kejin da ya lanƙwashe, ko ɗaya aka gani an canza. Kuma boris da kofinsa tare suke tafiya. Sabon boris a tsohon kofi ba ya kai ƙarshen damina. Ana fitar da kofi ta hanyar buga shi daga ɗaya gefen hob, kaɗan nan kaɗan can, don ya fito a miƙe. Sabon kuma a ɗora tsohon kofin a kansa a riƙa bugawa a hankali har sautin guduma ya sauya ya zama tsayayye, alamar ya kai gindi.

A duba sandar ita ma. Wurin da leɓen sil ke gogawa in ya yi kwari har farce na kamawa, sabon sil ba zai hana ruwa da laka shiga ba. Ƙaramin tabo ana iya goge shi da sanfefa mai laushi. Idan tsohon boris ya taɓa kamewa ya juya a kan sandar har ya rage mata kauri, sandar ce za a canza.

Cusa giris aiki ne da ake yi da haƙuri. A ɗebo shi a tafin hannu, a riƙa danna faffaɗan gefen boris a kai ana kankara, ana juyawa, har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin kowane ɗan gora. Shafawa a waje kawai ba ta kai shi inda ake bukata. A sa kaɗan a cikin hob, amma kada a cika shi maƙil, don idan ya yi zafi zai turo sil waje. A sa babban boris, a buga sabon sil ya zauna daidai, a shafa wa leɓensa giris, a zura hob a hankali, sai ƙaramin boris, washa da noti.

Daidaita shi ne inda aka fi kuskure. Ana juya hob da hannu ɗaya ana ɗaure noti har kusan Nm 80, don boris su zauna a gurbinsu. Sannan a sassauta har ramin sandar na farko ya yi daidai da tsagar noti, a zura kota fin. Abin da ake nema shi ne ƙafa ta juya sumul, wasan da ya rage kuma kada ya wuce kwatan milimita, wato da ƙyar hannu ke jin sa. In ramin bai yi daidai ba, baya ake komawa, ba gaba ba. Boris mai ɗan sarari yana daɗewa, wanda aka shaƙe kuwa yana ƙonewa cikin sa'o'i. Ƙusa ko guntun waya ba sa maye gurbin kota fin. Idan suka karye, noti ya warware, ƙafar na iya fita tana gudu.

Tarakta mai aikin fadama ko gonar shinkafa tana bukatar a buɗe hob ɗinta kowace shekara. Giris da ya koma fari-fari kamar kindirmo ruwa ne ya shiga.

Kinfin, tayarod da saitin ƙafafu

Idan gwaji ya nuna bushin, a kwance hannun sitiyari da ke saman sandar, a lura da ɗan makullin ƙarfe da ke tsakaninsu kada ya ɓace, a zare sandar ta ƙasa. Bushin biyu ne, sama da ƙasa, da wani boris mai ɗaukar nauyi a gindi, wanda idan ya mutu sitiyari kan yi tauri. A canza su gaba ɗaya. Wasu sababbin bushin sai an ɗan rarake cikinsu bayan an buga su kafin sandar ta shiga, wannan aikin mai injin gyaran ƙarfe ne. Abin da ke kashe su tun farko rashin giris ne. Kan giris, wato ɗan bakin da ake buga giris ta cikinsa, in ya toshe a canza shi, a riƙa bugawa kullum a lokacin aiki har sai tsohon ya fito da ƙurarsa.

Kan tayarod da ke wasa ko robarsa ta yage ba a gyara shi, sabo ake sawa. A ƙirga zagaye nawa tsohon ya yi wajen fita, a mayar da sabon daidai haka, sannan a auna saiti. A tsayar da ƙafafu a miƙe a shimfiɗaɗɗen wuri. A yi alama da alli a bakin kowane wili ta gaba, daidai tsayin tsakiyar hob, a auna tsakanin alamun biyu. A tura tarakta gaba har alamun su koma baya a tsayi ɗaya, a sake aunawa. Awon gaba ya kamata ya gaza na baya da kusan milimita 3. MF 135 tana da sandar sitiyari a kowane gefe, don haka a raba gyaran tsakanin biyun, in ba haka ba za ta fi juyawa gefe ɗaya. Tayar gaba da ke cinyewa gefe guda, ko sitiyari mai rawa a kan kwalta, yawanci daga nan ne.

Taya, tif da wilin baya

Lambar da ke jikin taya, kamar 12.4-28 a bayan MF 135 ko 16.9-30 a bayan 375, tana nufin faɗin taya da faɗin da'irar wili a inci. Lambar ƙarshe dole ta yi daidai da ta wili. Tayar inci 16 ba ta zama a wilin 16.5, kuma tilasta ta da iska na iya fasa ta a fuskar mai aikin.

Kafin a taɓa tayar baya a san ko akwai ruwa a ciki. Ana zuba ruwa don ƙara nauyi, kuma 12.4-28 na ɗaukar kusan lita 130, 16.9-30 kuwa sama da lita 270. Ƙafa irin wannan in ta kwanto wa mutum sai ta karya shi. A juyo bawul ƙasa, a cire ɗan cikinsa, ruwan ya tsiyaye. Taraktocin da aka shigo da su na hannu daga Turai wani lokaci ruwan cikinsu haɗe yake da wani gishiri da ke hana daskarewa, kuma shi ke cinye wili a kewayen ramin bawul. A ƙasarmu ruwa ba ya daskarewa, zallansa ya wadatar.

Don yin faci ba sai an sauke wilin baya ba. Barinsa a jikin tarakta ya fi sauƙi, domin ita ke riƙe shi. A saki iska duka, a raba bakin taya da wili, a zuba ruwan sabulu, a ɗaga bakin waje da liba kaɗan-kaɗan, a zaro tif. Kafin a mayar, a bi cikin tayar da tsumma a hannu, inda ya maƙale nan ƙayar take. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa sukan karye a cikin roba, su sake huda sabon faci washegari. Idan kututture ya yanka tayar har zarenta ya bayyana, tana bukatar faci mai zare ta ciki, wanda ya zarce yankan ta kowane gefe. Dogon yanka a gefen taya kuwa ba ya riƙe gyara. A kankare tsatsar wili da buroshin waya, a shafa fenti, a bari ya bushe, don ɓawon tsatsa na cin tif kamar sanfefa.

Idan ramin bawul ya ruɓe, mai walda zai iya toshe shi a huda sabo a wuri mai lafiya, a goge bakinsa sumul. Amma sai an cire taya daga wilin gaba ɗaya. Walda a kan wili da taya a jiki, ko da an saki iskar, tana dafa robar ta ciki, ta haifar da iskar da ke fasa taya, wani lokaci mintuna bayan an kashe wuta. Wannan ya kashe mutane, kada a yarda ko na ɗigo ɗaya ne.

Wajen mayarwa, a sa wa tif iska kaɗan don kada ya naɗe ko liba ta cije shi. Ruwan sabulu kawai za a shafa a bakin taya. Baƙin mai ko giris yana lalata roba, kuma yana sa taya ta riƙa zamewa a kan wili idan garma ta kama ƙasa, ta ja tif har bawul ya tsinke. Mai shakkar haka ya ja layin fenti daga taya zuwa wili, ya duba bayan wuni ɗaya ko layin ya rabu. A lura da zanen taya: in ka tsaya a baya ka kalli samanta, tsinin zanen gaba yake nunawa. Juyayyar taya tana tara laka maimakon ta zubar.

Lokacin hura iska a tsaya a gefen da zanen yake, ba a fuskar wili ba, da dogon tiyo. Kada a wuce awo 35 na geji, a ma'aunin PSI, don zaunar da bakin taya. In bai zauna ba a saki iska, a ƙara sabulu, a sake. Daga nan a rage zuwa awon aiki: baya 12 zuwa 16 a gona, a ƙara zuwa wajen 20 in za a ja tirela a titi, gaba kuwa wajen 28. Tayoyin baya biyu su zama daidai. Idan za a mayar da ruwa, a juya bawul sama, a zuba har ya kai bakinsa, wato kashi uku cikin huɗu, sauran iska ce, ita ke shanye girgiza.

Mai a cikin wilin baya

Idan aka ga baƙin danshi yana bin cikin wilin baya, birkin gefen kuma ya daina kamawa, sil ɗin aksil ne ya saki man giya ya jiƙa birki. A fara duba sandar awon mai, domin cika shi fiye da alama ko ajiye tarakta a karkace kullum na jawo yoyo. A MF 135 mai birkin ganga, a cire wili da gangar, kada a hure ƙurar da baki ko da iska, tsofaffin shu, wato takalman birkin da ke goga a cikin gangar, suna da sinadarin da ke cutar da huhu, a share da jiƙaƙƙen tsumma. Shu da ya sha mai canza shi ake yi. Ƙona shi da fetur yana busar da sama ne kawai, yana yin zafi man ya sake fitowa.

Sil na ciki yana canzuwa da zarar an zare aksil. Na waje da boris ɗin kuwa wani zoben ƙarfe ne da aka sa da zafi yake riƙe su, sai an huda shi an fasa, a dafa sabo a zura, aikin da ya fi dacewa da garejin da ke da injin matsa ƙarfe. Siraran faranti da za a tarar tsakanin gidan boris da bututun aksil a ƙirga su, a ajiye na kowane gefe daban, domin su ke saita wasan aksil biyun, wanda ake so ya tsaya tsakanin milimita 0.05 da 0.2. Bayan an haɗa, a daidaita birki biyun su kama lokaci ɗaya, a haɗa fedojin da sakatarsu, a gwada a fili da ƙaramin gudu kafin a hau titi.